Kankanar Bikin Sabah

Sabah ta durƙusa a bayan gidan maƙwabta tana tona ƙasa da yatsa. Nan ma ko tsiro babu.

Ita ta kawo sabon salo a garinsu, Wad Haddad. Ranar bikinta da Alamin, maimakon alawa da dabino, kowane baƙo ya tafi da ɗan ƙullin irin kankana. "Ku shuka, in ta nuna ku tuna da mu," in ji amarya. Mata suka yi ta guɗa, wasu har da ɓoye ƙulli na biyu a zani. Gari ya ɗauka, tsofaffi na ban ruwa da buta, ana gasar wanda zai fara shan kankanar amarya.

Wata ya zagayo, ko ganye. Sai ƙus-ƙus ya tashi wajen ɗiban ruwa: auren da irinsa ya ƙi tsira, ai sai addu'a.

Sabah ta faɗa ɗakin kakarta, Habboba Dije, wadda ta ɗaure ƙullin duka, ga ta da nauyin kunne.

"Habboba, iri mai kyau na sayo a Sinja, amma ko ɗaya bai fito ba."

Tsohuwa ta ajiye kofin gahawa. "Ya fito ina?"

"A ƙasa mana. Shukawa aka yi."

Dije ta dafe ƙirji. "Ke ɗiyar nan, ɗanye kinka kawo min shi. Ni in bari a ba baƙi ɗanyen tasali, irin kankanar da za su ɓare su ci, a bikin jikata, a yi da mu a gari? Wuni na yi ina suya, gishiri ma ban yi rowa ba. Au, binnewa sunka yi?"