Da Ni Aka Fara

Tun daga ƙofar makarantar horar da 'yan sanda Baba ya fara jan ƙafa. Auta ta riƙe masa hannu, tana ta gyara hularta ta kurtu.

Yau makarantar ke bikin tunawa da kafuwarta, kuma Auta aka zaɓa ta ba da tarihi, saboda ta cika wa kowa kunne cewa ubanta ɗan rukunin farko ne. Wasu abokan horonta sun ce kuri ne kawai, shi ya sa ta matsa wa tsohon lamba sai ya zo. In bai tsaya gaban jama'a ba, ba ta da sauran bakin magana a makarantar.

Tun tana ƙarama take jin zancen. In masu kaki suka wuce sai Baba ya ce, "Da ni aka fara makarantar nan." Ba ya ƙara komai. Ita kuwa ta riƙe maganar gam, har ta kai ta ga shiga aikin.

Sai ga tsohon yana neman ba ta kunya. Filin fareti bai gane shi ba. Ɗakin kwanan ɗalibai ya wuce shi kamar baƙo. Amma da suka iso wani dogon gini a can baya, inda ake ajiye kayan tarihi, ya tsaya cak, ya ce a da ƙofar nan ta ƙarfe ce, kuma babu taga.

A ciki, tsakanin tsofaffin kulake da ankwa, wani malamin horo mai ritaya na zaune, manyan jami'ai sun kewaye shi. Baba na ganinsa ya cire hula ya durƙusa.

"Baba, tashi mana ka sara masa," ta raɗa masa, kamar ta nutse don kunya.

Malamin ya daɗe yana kallon Baba, har murmushinsa ya ɓace.

"Ranka ya daɗe, ka gane shi ko?" in ji Auta. "Ɗalibinka ne."

"Na gane shi, 'yata," ya ce, ya sunkuyar da kai. "Ba ɗalibi ba ne. Daga gidan yari aka kawo mana shi, a jikinsa rukunin farko suka koyi dukan kulki."