Mai Tuwon Bakin Teku da Jiniyar Tasha

Gyara zama, Malam, ka ji wani misali. Ba a littafi na karanto shi ba, ni da littafi mun rabu tun ina aji uku, amma na rantse da hular kaina ya fi na masu digiri daɗi.

A wani tsohon gari na bakin teku akwai wata mai tuwon masara da miyar kifi, wadda ta gaji murhunta daga uwarta. A zamanin, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda yashi. Can nesa suke tsayawa, masu kwale-kwale su je su kwaso kaya, kuma ba sa dawowa sai ruwa ya cika. Don haka matar nan ba ta taɓa sanin agogo ba. Teku take kallo. In ruwa ya taɓa wani baƙin dutse sai ta ɗora tukunya, in ya rufe shi ta yi talge, kafin kwale-kwalen farko ya daki yashi tuwo na tururi. Shekara talatin ba ta yi kuskure ba. Sai gari ya girma. Aka yashe bakin ruwa, aka zuba siminti, aka kafa injinan ɗaga kaya masu wuya kamar raƙumin dawa. Jirgi ya koma shigowa har gaɓa lokacin da ya ga dama. Masu kwale-kwale suka kife jiragensu, suka sa hular kwano suka shiga aiki a sabuwar tashar jiragen, inda ba a sakin mutum ya ci abinci sai jiniya ta yi kuka da tsakar rana. Ita kuwa tana nan ita da dutsenta. Cikar ruwa kullum matsawa take yi, yau da hantsi, wani makon da la'asar. In jiniya ta yi kuka mutanenta suka fito, ko su tarar ko wuta ba ta hura ba, ko su tarar tuwo ya huce ya yi ɓawo. Suna ƙaunarta, amma yunwa ba ta da kara. Ɗaya bayan ɗaya suka gangara wajen masu burodi da shayi, suna wucewa ta gabanta kai a sunkuye. Murhun uwarta ya kama hanyar mutuwa a hannunta.

Wani tsohon mai kwale-kwale ya ce mata, "Inna, teku ta sallame mu. Yanzu jiniya ke riƙe da cikinmu." Ta ce ita ba za ta bar ƙarfe ya koya mata girki da furfurarta ba. Kwana uku a jere awakin unguwa suka yi walima da tuwonta. A na huɗu ta zuba malmala biyu a kwano, ta ɗora musu kan kifi mafi girma a sama, ta taka da kanta har ɗakin mai busa jiniyar. Me suka ƙulla, ban ji ba, kodayake ni na ba ta shawarar, ita ce dai ta musa har ta koma ga Allah. Daga ranar, in saura sa'a biyu a tashi, sai ka ga jan ƙyalle ya leƙo ta tagar mutumin. Ta juya kujerarta, ta ba teku baya, ta koma kallon taga. Jiniya na kuka tana kwashe tuwo. Mutanenta suka dawo har da 'ya'yansu masu tuƙa injin, tana zuba musu miya tana yi musu gori, su kuma suna lashe hannu suna ba ta haƙuri.

To Malam, ka ji. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.