Dalma a Kofin Hagu

"A kashe fitila!" in ji Narelle.

Zauren taron garin ya yi duhu. Kofi biyu ne a gabanta, na dama ruwan famfo, na hagu ruwan sama daga tankin da ke tara ruwan rufin gidanta, don kowa ya ga bambanci. Ta ɗiga wa kowanne sinadarin da ta haɗa a jami'a. In da dalma a ruwa, zai yi kore shar da zarar ta haska tocilarta.

"'Yar boko, yi sauri mana, giyata na can tana ɗumi," in ji tsoho Des, kansilan gari.

Aka kwashe da dariya. Halinsu ke nan. Ɗanta Lachie ya shekara huɗu bai iya haɗa magana ba, likita ya ce gubar dalma ce a jininsa, amma su ba abin da suka iya sai "ba komai, zai warware". Ita kuwa tun tana goyonsa ta haramta famfo a gidanta, don ba ta yarda da tsofaffin bututun gari ba. Ruwan tanki kawai yake sha.

Ta haska na dama. Ruwa ne garau. Ta sake haskawa, sai hasken ya zame kan na hagu.

Kofin ya kama kore kamar idon mage.

Dariya ta ɗauke. Can baya mahaifinta Merv ya miƙe da ƙyar.

"Da dalma na liƙe yoyon rufin gidanki, 'yata," ya ce. "Kin ce kada ɗigo ɗaya ya ɓace wa yaron."