Ba Ayashe a Gidan Nan

Kai da kake cewa sunayen mutanen zamanin da duk wulaƙanci ne, gyara zama in ba ka misali, sa'an nan ka yanke hukunci.

A wani ƙauye an yi wata maginiyar tukwane mai 'ya ɗaya tilo. Sunan yankan yarinyar Sakinatu, amma ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwar. Ita dai Ayashe take kiranta, wato a yar da ita. A ƙauyen, har da ƙauyukan da ke cin kasuwa ɗaya da shi, babu yarinya ta biyu mai wannan suna. Zamanin raɗa shi ya wuce, waɗanda suka san dalilinsa kuwa yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Haka yarinya ta taso tana shan tsiya wurin sa'o'inta a bakin rijiya, suna tambayarta wane juji za a kai ta. Ga shi uwar ba ta sakar mata fuska. In baƙi suka yaba kyan yarinyar, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Me za a yaba?" ta ci gaba da cuɗa yumɓu. Tukunyar da ta gina takan shafa ta, ta ɗaga ta ta duba a rana, amma 'yarta ko kitso sai dai maƙwabta su yi mata. Yarinya ta haɗa suna da hali, ta yanke a ranta cewa uwarta ba ta taɓa sonta ba. Ba ta tambaya ba, don wa zai tsare uwarsa ya ce me ya sa kika ƙi ni? Ta haɗiye abin, ya zauna mata a ƙirji, suka girma tare.

Da aure ya kai ta wani birni mai nisa, abu na farko da ta bari a hanya shi ne sunan. Ta roƙi mijinta kada ya bari kowa ya ji shi. Ta zama Sakinatu, ta haihu, ta yi zamanta, ganin gida kuwa sai ta shekara uku ba ta je ba. Wata rana da hantsi tana tsakar gida da matan unguwa ana tsintar shinkafar biki, sai wani bafatake mai jakin tukwane ya yi sallama a zaure. Ya ɗaga murya ya faɗi ƙauyen da ya fito, ya ce an aiko shi wurin Ayashe, ko nan ne gidanta? Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce wace marar galihu ce aka laƙaba wa wannan suna. Sakinatu ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ta san ita ake nema, ta kuma san mai aiken. Amma da ta dubi fuskokin matan sai kunya ta rinjaye ta, ta sa aka gaya masa ba Ayashe a gidan nan. A ranta ta ce in ma tukunya aka aiko, su riƙe abinsu. Bawan Allah ya yi kwana biyu yana zagaya unguwa, bai sami wanda ya san mai sunan ba, ya kora jakinsa ya koma. Saƙon da ya zo da shi kuwa, uwarta ce ke kwance ba lafiya, ta ce a kira mata 'yarta.

Bayan kwana goma labarin rasuwa ya iso ta hannun mijinta. Ta je ta tarar har an yi sadakar uku. Cikin masu zaman makoki akwai tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwarta, ido ya tafi, sai da ta laluba fuskarta kafin ta gane ta. Ta jawo ta kusa ta ce:

"'Yar nan, ni na ɗauko ki a kan juji. 'Ya'ya biyar uwarki ta binne kafin ke, ba wanda ya kai yaye, kuma duk ta ba su sunaye masu daɗi, ta goya su tana nuna wa duniya. Da kika zo sai ta ce in kai ki juji in ajiye, in sake ɗauko ki kamar tsintuwa, a kira ki Ayashe, ko abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya zaci ba a son ki ya wuce. Ran nan ta ɗaure bakinta, ta ce ba za ta taɓa yabon ki a fili ba. Shekara talatin tana riƙe da bakin nan. In kin tafi rijiya a tsaye take jikin danga har ki dawo, da ta hango ki sai ta koma kan yumɓunta. Da ciwo ya yi tsanani ta ce yanzu kam ba sauran tsoro, tunda ita za ta riga ki, a kira ki ta faɗa miki da bakinta. Kwana shida ta yi tana kallon ƙofa."

To, ka ji. Ni ban ce juji na tsare rai ba, rai na hannun Allah. Amma ba na iya yi wa matar da ta binne biyar dariya, kuma har yau in na tuna 'yar sai tausayinta ya kama ni. Duk rayuwarta yunwar son uwa take ji, alhali son yana cikin sunan da ta kora daga ƙofar gidanta. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.