Famfon da Ake Buɗewa Bayan An Tafi Gona

Keziya ba ta da miji, ba ta da albashi. Abin da ta mallaka a duniya gonar citta ce a bayan Unguwar Azariya, can gefen Kagoma, sai 'yarta Jacinta mai shekara huɗu. Da sassafe takan ɗebi ruwa a famfon bohol na unguwa, ta wuce gona, da yamma ta sake ɗiba. Tun da aka haƙa famfon nan yarinyar ba ta ƙara ciwon ciki ba.

Wata Lahadi, bayan wa'azi, sakataren coci ya karanta sanarwa. Ƙaramar hukuma ta kira taro ranar Laraba a firamare, za a yanke kuɗin ruwa da lokacin buɗe famfo. Ai kuwa Larabar nan ce ranar gayyar Keziya. Matan zumunta suna zagaya gonakin juna suna rufe sabuwar shukar citta da ciyawa, kuma layi ya zo kanta.

A ƙofar coci Afiniki, shugabar zumuntar mata, ta riƙo hannunta.

"Maman Jacinta, mu ɗaga gayyan nan, mu je mitin. Mu ne fa muna ɗiban ruwan."

"Haba Mama! In na rasa layina, sai wani wata. Citta na zai ƙone a rana. Mitin na manya ne, su sha minaral su tafa hannu, shi ke nan."

Mata suka yi dariya, har da Afinikin. Ran Laraba kuwa kaf matan unguwa suna gonar Keziya, ana aiki ana waƙa.

Su wa suka je taron? Tsofaffin ma'aikata masu fansho, da masu shago, mutanen da kusan kowannensu yake da rijiya a tsakar gida. Aka ce man janareto ya yi tsada, sai aka ninka kuɗin jarka. Aka ce mai kula da famfo daga Kafanchan zai riƙa zuwa a babur, saboda haka za a buɗe da hantsi a rufe da tsakar rana. Babu wanda ya tashi ya ce a wannan lokacin mata suna gona. Aka tafa, aka sa hannu, aka watse.

Bayan kwana kaɗan Keziya ta zo da jarkokinta da sassafe, ta tarar an sa wa famfo kwaɗo. Da yamma ma haka. In ta tsaya jiran ruwa aikin gona ya lalace, in ta tafi gona babu ruwa. Ga kuɗin ma ya fi ƙarfinta. Sai ta koma rafi, kamar yadda uwarta ta yi a da. Ruwan farkon damina kuwa ya riga ya wanko ƙazantar gari duka ya zuba a ciki.

Wata la'asar Jacinta ta fara amai da gudawa. Keziya ta goya ta da gudu zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta nuna mata bokiti a bushe.

"Mama, mu ma a famfon nan muke ɗiba. Ko na wanke hannu ba ni da shi yanzu. Ki kai ta Kafanchan, kar ki tsaya."

Kafin a samo mai babur rana ta kusa faɗuwa. Suna kan hanya Keziya ta ji hannuwan da ke riƙe da wuyanta sun saki. Ta kira sunan yarinyar, ta sake kira, mai babur ya tsaya a gefen titi. Jacinta ta riga ta cika.

Bayan an yi jana'iza, Afiniki ta raka Keziya wurin kansila. Ya saurare su har suka gama.

"Sannu, madam, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Amma an kira mitin, an yi sanarwa a coci. Kuna ina ran nan?"

Keziya ta sunkuyar da kai. "Muna gona na."

"To, an riga an sa hannu. Sai shekara mai zuwa za a sake zama."

Suka fito suka kama hanyar gida. Citta ta yi kyau a shekarar, amma Keziya ko kallon gonar ba ta son yi. Har yau in ka bi ta Unguwar Azariya da sassafe za ka ga kwaɗon a jikin famfo, ka ga mata sun wuce shi da jarkoki sun nufi rafi. Abin yana da ban tausayi ƙwarai.

Mai karatu, idan aka kira taro kan ruwa, ko wuta, ko asibitin unguwarku, kada ka ce na manya ne. Ajiye abin da kake yi ka je ka yi magana, domin abin da aka yanke ba ka nan, a gidanka zai sauka.