Mai Baƙar Jaka a Shagon Ɗinki

Ranar Talata aka fara ganinsa. Mai kantin da ke tsallaken titi ne ya leƙo shagon ɗinkin Umma, ya rage murya.

"Maman Injiniya, wani mutum ya zo yana tambayar 'yarki. Da baƙar jaka, da hotonta a cikin fayil. Har ƙofar gidanku ya ɗauka a waya."

Ƙafar Umma ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

Injiniya dai sunan tsokana ne da unguwa ta liƙa wa yarinyar tun ranar da ta kwance rediyon marigayi babanta, ta mayar da shi yana magana. Yanzu ta gama sakandare, ta kafe sai karatun injiniyan nukiliya. Umma kuwa ba ta taɓa jin kalmar nan ba sai a labaran duniya, kuma kullum tare take zuwa da bam, da takunkumi, da kame. Yarinyar ta yi bayani har bakinta ya gaji: wutar lantarki ce, Umma, da gashin ciwon daji a asibiti. Umma ta ce ta ji, amma a daina faɗa a gaban mutane.

Makarantu biyu suka rage bayan dogon nema. Ɗaya mai araha ce, sai dai tsofaffin ɗalibanta sun ce har ka gama ba za ka taɓa na'ura ba, a allo ake zana maka komai. Ɗayar tana da ɗakin gwaji da malamai na gaske, kuɗinta kuwa ko Umma ta sayar da kekunanta biyu, ta haɗa da ƙyauren shagon, ba zai kai zango ɗaya ba.

"Mai arahar za ki," in ji Umma. "Waccan kada ki ƙara kawo min maganarta."

Yarinyar ba ta ƙara ba. Sai dai ta yawaita zuwa shagon intanet, tana cike wasu takardu, in ta ji tafiyar uwarta ta tura su ƙarƙashin katifa.

Laraba mutumin ya je wurin mai gidan da suke haya. Ɗaki nawa suke ciki? Wa ke ɗaukar nauyinsu? Suna da wani babba a dangi? Da labarin ya iso, Umma ta kasa zura zare a allura. Ai ta gane. Ana so a san ko akwai mai tsaya musu ne, don wanda ba shi da kowa shi ake fara ɗauka, a jefa a mota, shi ke nan sai labari. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, kuma tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Washegari da safe ta tura yarinyar gidan gwaggonta, wai gwaggon ba ta da lafiya, a je a kwana biyu. Ba ta faɗa mata komai ba, don ta san bakinta, tsayawa za ta yi tana yi wa hukuma bayani.

Daga nan Umma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin tana ɗinki. Ta zaro leshin wata matar attajiri da ta gama ɗinkawa, ta saka. Ta aro sarƙa da 'yan kunne wurin maƙwabciya. Ta kashe ɗauri, ta zauna a kujerar baƙi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da hantsi mai baƙar jakar ya yi sallama a shagon. Dogo ne, siriri, takalminsa duk ƙura, muryarsa a sanyaye. Umma ta ce a ranta, irinsu ne masu mugunta.

"Daga kwamitin tantancewa nake," ya ce, ya miƙo wani kati. Ko kallonsa ba ta yi ba. "A kan takardun 'yarki ne na karatun nuki..."

"Na san abin da ya kawo ka, malam. Yi tambayarka."

Ya dubi leshin, ya dubi rufin da ke yoyo. "Da ɗinkin nan kuke ci?"

"Wannan? Rage zaman banza ne. Kawunta ɗan kasuwa ne, motocinsa ba su ƙirguwa. Ɗayan kawun babba ne a gwamnati, waya ɗaya zan yi. Gidaje uku babanta ya bar mana, mun zuba 'yan haya. Nan don sabo muke zaune."

Alƙalaminsa ya tsaya. "Hajiya, kin tabbata? Ba haka aka rubuta a nan ba."

"Yarinta ce. Mu ba talakawa ba ne, ka rubuta da manyan baƙaƙe."

"Abin da na rubuta ba ya gogewa fa. Kin tabbata?"

Ta yi ta maza. "Kawo in sa hannu."

Ya daɗe yana kallon hoton yarinyar kafin ya rufe fayil ɗin. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fita. Umma ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta zube a ƙasa tana hamdala, hawaye na zuba a kan leshin mutane. Ta kori kura daga ƙofarta, ita kaɗai.

Ranar Asabar Injiniya ta dawo da gudu, mayafi a hannu, waya a ɗayan. Ta durƙusa gaban keken ɗinki tana haki, tana dariya.

"Umma, ki yafe min, na saɓa maganarki. Makarantar nan mai tsada ta ɗauke ni, kyauta, har in gama! Abu ɗaya ya rage, za su turo mutum ya tabbatar mu talakawa ne."