Ɗaliban Bayan Coci

Ranar Laraba, tun kafin a buga ƙarfen shiga aji, hedimasta, Mista Simoonga, ya jera yara tamanin da uku a gindin mangwaro yana koya musu sunayensu.

Ba sunayen da iyayensu suka raɗa musu ba. 'Ya'yan masunta ne da makiyaya daga bakin tafki, waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba. Hayarsu ya ɗauko na yini guda, kowane kai fanke biyu da kofin shayi mai sukari.

Gwamnati tana ba makaranta tallafi ne bisa yawan ɗalibanta. Firamaren Namatelo tana da yara ɗari biyu da 'yan kai, amma takardar Simoonga ta ce sun kusa ɗari uku. Rarar ta rufe masa gida da kwano, ta saya masa shanu goma sha ɗaya. Yau kuwa ofishin ilimi na lardi ya aiko mai ƙirga. In aka gano, ba kora kaɗai ba ce: hedimastan gundumar gaba yana can yana noman kabeji a gidan yari.

Sai dai Simoonga ba wawa ba ne, kuma ba ya bari a manta da hakan. Wawa shi ke ƙirƙiro suna da ka, a duba littafin haihuwa na asibiti a ga babu, a yi ram da shi. Sunayen Simoonga na gaskiya ne, kowanne an haife shi an rubuta. Mutuwa ce ba mai rubutawa a ƙauye. Shekara uku da suka wuce, watansa na farko da aka turo shi nan, ya shiga maƙabartar bayan coci da littafi da biro. Ya bi ƙananan kaburbura ɗaya bayan ɗaya yana kwafe abin da ke jikin allunan ƙarfe, suna da ranar haihuwa. Layin ƙasa, na ranar rasuwa, shi kawai yake tsallakewa.

"Hedimasta," in ji mataimakinsa Chilala, murya ƙasa-ƙasa, "wanda ya kwanta ba a kiran sunansa wani ya amsa. Ni fa gabana faɗuwa yake."

"Ranar da ka ja maraƙinka gida ina gaban naka yake? Je ka goge wa wancan majina, ya yi kama da ɗan makaranta."

Ƙarfe goma motar ta iso. Ba ta babban titi ta biyo ba, ta 'yar hanyar baya ta ɓullo, wadda ko masu keke sukan ɓata a cikinta. Mace ce ta fito, gajeriya mai tabarau, ta ɗaura baƙin zani a kan siket, jar ƙasa ta ɓata mata wajen gwiwoyi. Ta ce sunanta Madam Michelo. Simoonga ya danne dariya: mutanen birni, ko tafiya a ƙasa ba su iya ba.

Ya tanadi kaza da tuwon masara, da ambulan ɗin kuɗi a ƙarƙashin faranti. Ko kallon teburin ba ta yi ba. Tsohuwar da ke dama wa yara kunu ta leƙo daga kicin, suka haɗa ido da baƙuwar, muciya ta suɓuce mata. Ta rufe baki da hannu ta koma ciki. Simoonga ya ce a ransa, haka talaka yake da ganin motar gwamnati.

Aka tara makaranta gaba ɗaya a fili. Hadari ya taso daga wajen tafki, ya tsaya bai zubo ba.

Madam Michelo ta buɗe rajista ta fara kira. Yaran gaskiya suka amsa, ta yi maki. Ta juya zuwa shafukan ƙarshe. Yaran haya suka dinga miƙewa bi da bi, "Na'am, Madam!", ba wanda ya yi kuskure. Ita ma ba ta yi tuntuɓe a suna ko ɗaya ba, sai dai muryarta tana ta raguwa, har na baya suka fara miƙa wuya. Chilala ya jiƙe da gumi. Simoonga ya harɗe hannuwa a baya yana lilo a kan duga-dugansa.

A wajen suna na saba'in ta tsaya. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Choolwe Hanjalika."

Wata siririyar yarinya ta miƙe, rigar aro ta yi mata yawa. "Na'am, Madam!"

"Zo nan, 'yata. Shekarunki nawa?"

"Goma sha biyu, Madam."

"Yaushe aka haife ki?"

"Tara ga watan uku, Madam."

Simoonga ya ƙifta wa Chilala ido.

"Babanki?"

"Hanjalika, Madam."

"Mamanki fa?"

Wannan ba ya jikin allon ƙarfe. Yarinyar ta waiwaya tana neman hedimasta da ido.

Simoonga ya tako da murmushi ya dafa kanta. "Ayya, Madam, kar ki fama mata ciwo. Marainiya ce, uwar ta rasu tun tana goye. Ni ne uwarta ni ne ubanta a nan, ko rigar jikinta daga aljihuna ta fito."

Madam Michelo ta rufe rajistar a hankali, ta miƙa wa direbanta, ta ce ya kulle ofishin hedimasta ya riƙe makullin. Sannan ta cire tabarau ta dubi Simoonga.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekara bakwai ina zuwa share kabarin Choolwe, ba wanda ya taɓa gaya mini cewa ni ce na mutu."